Kallon 'Yar Fari

Shekarar da annoba ta kulle duniya, mu huɗu aka kulle a saman wani bene a bayan Jalan Semarak: ni, da Malam maigidana da ke fama da digirinsa na uku, da 'yarmu mai shekara goma sha huɗu, da ƙaninta wanda a lokacin ba shi da wata sana'a sai cin biskit da hawa kujeru. Kafin in biyo miji Kuala Lumpur na daɗe ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata a Kano, saboda haka na sauka ƙasar mutane da yaƙinin cewa babu abin da ya shafi 'yan mata wanda ban sani ba.

Dokar kullen ta ce mutum ɗaya ne zai fita cefane daga kowane gida, kuma shugaban gida ake so. Sai ga maza sun cika kedai, wato kantunan cefane, kowa da waya a hannu yana ɗaukar hoton ganye yana tura wa matarsa. Na aiki Malam ya sayo alayyafo, ya dawo da wani ganye da har yau ban san sunansa ba, ya kuma tsaya ya yi mini bayani mai tsawo cewa danginsu ɗaya. Muka ci, babu wanda ya mutu.

Ita kuwa yarinyar, a hankali ta shige ɗaki ta ja ƙofa. A da takan dawo daga makaranta da labari cike da baki, ta zuba wa babanta da ƙaninta cikin Turanci da Malay, ni ina saurare daga kicin. Da makaranta ta koma cikin kwamfuta sai labarin ya ƙafe. Ta fito ta ɗauki abinci, ta koma, kwanon ya dawo da rabi. Ta fara naɗe ƙugun siket ɗinta da fil. Wannan a wajen wanki na gano shi, domin ni ba kallonta nake yi ba.

'Yar fari ce, ni kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" ta wadatar da mu, in kuma tana nesa sai in ce wa ƙaninta ya kira mini yayarsa. Ba na zama kusa da ita, ba na yabonta, in tana magana idona yana kan tsintar shinkafa ko da babu tsakuwa a ciki. Ni ma 'yar fari ce, haka aka yi mini. Kakata ce ta goye ni, gwaggonnina suka yi mini kitso suka ji sirrina, kuma ban taɓa kwana da tunanin cewa mahaifiyata ba ta sona ba. To me zai sa in yi tunanin wani abu ya rage?

Wata rana yarinyar ta fito ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin da babanta ke karatu, ta ce tana son shiga ajin capoeira. Malam ya tambaya ko wani reshe ne na kimiyya. Ta nuna mana a waya: mutum biyu cikin fararen wanduna a tsakiyar da'ira, suna juyi suna kai wa juna ƙafa ba tare da wani ya taɓa wani ba, na gefe suna tafi suna waƙa, ɗaya yana kaɗa wani abu kamar bakan maharbi da aka ɗaura wa ƙoƙo. Ta ce wasan mutanen Brazil ne, jikokin bayin da aka kwashe daga ƙasashenmu. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya ce dambe ne da ba a duka, kokawa ce da ba a kayarwa, to wa ke cin gasar? Ta ce babu. Ya ce lallai ba Bahaushe ne ya ƙirƙiro shi ba.

Mai koyarwar wata 'yar Malay ce da ke da ɗakin motsa jiki a saman wani kanti a Bukit Bintang kafin a rufe. Yanzu ta kwamfuta take koyar da mata da 'yan mata, amma da sharaɗin kowa ta samo abokiyar wasa a cikin gidansu. Malam ya dafa ƙugu ya tuna da wani ciwon baya da ban san yana da shi ba, kafin ma a gaya masa ajin na mata ne zalla. Ƙanin kuwa ko gwiwarta bai wuce sosai ba. Yarinyar ba ta ce ni ba. Ta dai tsaya tana kallon bangon da ke kusa da kaina. Tun da aka kulle mu, wannan ne abu na farko da ta buɗe baki ta roƙa. Na ce to.

Haka na fara kafuwera, kamar yadda bakina ya mayar da sunan, bayan na haura arba'in, cikin wandon motsa jikin Malam wanda shi bai taɓa motsa jiki a cikinsa ba. Muka tura teburin cin abinci jikin bango. Abu na farko da ake koya sunansa jinga: ƙafa ɗaya ta koma baya, hannu ɗaya ya kare fuska, a dawo, a sauya, ba tsayawa. A jikin Malama abin kamar ruwa ne a cikin ƙwarya. A jikina kuwa kamar mace ce ta zo tsallake kwata tana fasawa. Gwiwoyina suna ƙara kamar ana karya karan dawa. Tsohuwar da ke zaune a ƙasanmu ta aiko da saƙo cikin ladabi tana tambaya ko tashi za mu yi daga gidan.

Malama takan matso da fuskarta jikin kwamfuta ta ce, "Boleh, Kak, boleh." Wato za ki iya, Yaya. Na san wannan muryar. Da ita nake ƙarfafa wa ɗaliban da na riga na san sakamakonsu. Na nemi ta ba ni ƙa'idoji, me ke zuwa bayan me, me aka haramta, domin ni in aka ba ni ƙa'ida zan haddace ta kafin gari ya waye. Ta yi dariya ta ce ƙa'ida ɗaya ce, kuma sai mun fara wasa bibbiyu za ta faɗa. An ce gemu ba ya hana ilimi. Wanda ya yi karin maganar bai ce komai game da gwiwa ba.

Amma fa ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba. Jikina da na mayar abin ɗaukar kaya da haihuwa ya fara ba ni labarin wuraren da ban san da su ba. Yarinyar kuma takan fito kafin lokaci ta tura teburin da kanta. Ba hira muke yi ba, amma ɗaki ɗaya muke, muna haki tare.

Da aka zo wasa bibbiyu, aka koya mana wata shura da suke kira rabin wata: ƙafa ta tashi ta zana baka a iska ta wuce ta inda kan abokiyar wasa yake, ita kuma ta riga ta sunkuya. Sai Malama ta faɗi ƙa'idar tata. Ta ce kada ka ɗauke ido daga fuskar wanda kake wasa da shi, ko kana tsugune, ko kanka na ƙasa ƙafafu na sama. Ƙafa tana yaudara, in ji ta, amma ido yakan faɗi abin da ke tafe.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Muka tsaya gaba da gaba. Na kalli ƙafafunta. Na kalli kafaɗarta. Na kalli agogon bango, na gano yana buƙatar a goge shi. Malama ta ce daga cikin kwamfuta in kalli fuskarta. Na ɗaga ido har haɓarta, sai ya sulale ya dawo ƙasa da kansa, kamar gyalen siliki a kan da babu ɗankwali. Ni ban umarce shi ba. Tarbiyyar shekara arba'in ce ke aikinta. A wurinmu ai an ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Mun ɗauki kawar da kai a matsayin daraja. Malama ta yi zaton tsoron ƙafa nake ji, ta yi ta lallashina.

Wata rana bayan la'asar yarinyar ta juya, diddigenta ya taho. Ni kuwa ina can ina lura da ƙafar da ke ƙasa, wadda ba ta da niyyar zuwa ko'ina. Diddigen ya same ni a leɓe. Na zauna daɓas, na ji gishirin jini a bakina. Sauran matan ajin suka matso jikin allunan kwamfutocinsu, Malama tana tambaya ko lafiya. Yarinyar ta je gaban kwamfutar, ta yi magana da Turanci, muryarta a kwance kamar mai karanta labaran yanayi.

"Ba za ta kalle ni ba. Ba ta taɓa kallona ba. Ki daina wahalar da kanki."

Ta rufe kwamfutar. Ta ɗauko ƙanƙara a firji ta naɗe a tsumma, ta ajiye a kan tebur kusa da ni, ta shiga ɗaki.

Malam ya tsaya a bakin ƙofarta ya gabatar da lacca kan al'adun Hausawa, da gabatarwa da kammalawa. Ƙofa ta saurara. Washegari na shiga da kaina, na zauna a gefen gadonta ina fuskantar taga, na yi mata darasin kunya yadda na saba yi wa 'yan aji uku: ma'ana, rabe-rabe, misalai. Na ce ɗan fari shi ne ya mayar da yarinya uwa, don haka take jin nauyinsa, kuma nuna ƙaunarsa a fili rashin ta ido ne. Darasi ne mai kyau, da mai duba malamai ya shigo da ya yaba. Ta bari na gama, sannan ta tambaye ni, shi ƙaninta fa da nake kira da suna har da na shagwaɓa? Na ce ai shi ba na fari ba ne.

"Wato laifina shi ne na riga shi zuwa."

Na ce a Kano kowa ya san ba haka abin yake ba.

Ta amsa da 'yar wutsiyar nan da 'yan Malay ke liƙa wa magana: "Umma, ni ban san Kano ba lah. Nan na sani."

Ta daina zuwa ajin. Teburin ya koma tsakiyar falo. Ƙofarta ta koma rufewa, yanzu har da sakata.

Ranar Juma'a na kira mahaifiyata a Kano. Kiran bidiyo ne, amma ita takan riƙe wayar yadda fankar sama kawai nake gani, wani lokaci da gefen ɗankwalinta. Ta ji maganata ba daidai ba, ta tambayi abin da ya sami bakina. Na ce yarinyar nan ce ta shure ni. Ta yi salati. Da na yi bayani sai ta yi dariya har da tari, ta ce ita dai ta aurar da malamar makaranta, ba ta san 'yar dambe aka kai ƙasar waje ba. Na ba ta sauran labarin, har da abin da yarinyar ta faɗa a gaban mutane. Ina sa ran ta ce yaran zamani ba su da kunya. Fanka ta yi ta juyawa.

"Ke da na kawar miki da kai," in ji ta, "mutum nawa ne ke kallon ki a gidan nan?"

Na fara lissafi: kaka, gwaggo babba, gwaggo ƙarama, matar kawu, maƙwabta.

"To ita wa kika bar wa kallon?"

Ta ce kunya ana yin ta ne inda akwai mai karɓar ɗa, don haka ne ma take da kyau. Ta ce ni mai ilimi ce, in duba littattafaina ko akwai inda aka ce a yi wa bango kunya. Daga nan ta tambaye ni ko daddawar da ta ba mu ta ƙare, muka koma zancen miya.

Ban san yadda ake buga ƙofar 'yar fari a ce mata zo in kalle ki ba. Abin da na iya shi ne, ranar aji na tura teburin ni kaɗai, na kunna kwamfuta, na ƙara murya har ƙarshe. Malama ta ce in sa kujera a gabana in ɗauke ta abokiyar wasa. Ni da kujera muka yi makonni, kuma zan iya cewa ban taɓa ɗauke ido daga gare ta ba. Tun asali ban iya ba, amma a waɗannan ranakun na ƙara wa rashin iyawar gishiri. Ƙafar dama a baya, hannun da bai kamata ba a sama. Na san jinin da ke jikinta. 'Yar malama ba ta iya ganin kuskure ta wuce.

Wata rana ina cikin haka na ji an zare sakatar ɗakin yarinyar. Ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ta jure, ta jure, sannan ta ce hannun nan ba shi ba ne, ɗayan ne, kuma kowa a ajin yana ganina. Ta zo ta ɗauke kujerar ta ajiye gefe, ta tsaya a wurinta, wai don ta nuna mini sau ɗaya kawai.

Na ɗaga kai na kalle ta. Zafi ya taso mini daga ƙirji har kunnuwa, kamar na shiga gaban surukai babu mayafi. Ban daɗe ba idon ya faɗi. Na sake ɗago shi. Ita ma ashe ba ta saba ba, ta yi ta ƙifta ido tana kallon goshina. Haka muka yi jinga ranar, mutum biyu da suka zauna gida ɗaya shekara goma sha huɗu suna satar kallon juna kamar baƙi a cikin jirgin ƙasa. Malama ba ta ce boleh ba. Ta bar kiɗan kawai yana tafiya.

Ido ma ashe kamar gwiwa yake, da maimaici yake sakewa. Wata ranar ya yi kyau, wata ranar ya ƙi. In Malam ya shigo falon sai in ga na koma duban agogo, har sai da yarinyar ta kafa masa dokar kada ya fito lokacin aji. Ya karɓi hukuncin da farin ciki.

Da aka sassauta kullen, aka yarda a motsa jiki a fili in an ba da tazara, Malama ta kira mu filin shaƙatawa na bakin tafki da sassafe. Ranar na fara ganin ta a zahiri, ashe ko kafaɗata ba ta kai ba. Ta zo da bakan nan mai ƙoƙo, wanda a ido ya fi kama da kayan tarkon tsuntsu, amma da ta buga shi sai na ji sautin a cikin haƙarƙarina. Muka yi da'ira mai faɗi. Ta ce tun da waƙa za a yi kowa ya bar takunkuminsa a fuska, kuma 'yan gida ɗaya ne kawai za su yi wasa da juna. Wasan ma kamar don zamanin aka yi shi, faɗa ne da ba a taɓa juna.

Da layi ya zo kanmu muka tsuguna a gindin bakan, yadda ake yi kafin a shiga. Hijabi ya rufe sama, takunkumi ya rufe ƙasa. Babu haɓa, babu leɓe, babu inda mai kunya za ta ajiye idonta. Idanu ne kawai suka rage, ni kuma na kalle su.

Idanun mahaifiyata ne, har da ɗan saukar nan ta gefe. Ban san a gidana suke ba. Muka shiga. Ana tafi, matan suna amsa waƙar da babu wadda ta san ma'anarta sosai a cikinmu. Muna jinga sai na ga girarta ta hagu ta ɗan ɗaga, kafin in yi tunani jikina ya sunkuya, ƙafarta ta wuce ta samana har iskarta ta kaɗa mini hijabi. Ta sake, girar ta sake ɗagawa, na sake sunkuyawa. Na ga wani abu kuma: tana rage wa ƙafar gudu in ta kusa da kaina. Tsoro take kada ta sake fasa mini baki. Na yi mata alama da kai cewa ta saki. Ta saki.

Sai na kai mata tawa shurar. Rabin watan nawa bai taɓa wuce tsayin gwiwa ba, jinjirin wata ne na daren farko. Amma ta zube ƙasa can, ta kare kai da hannu, kamar wadda ta tsira daga babban haɗari. Idanunta suka ƙanƙance. Dariya take yi mini a bayan takunkumi, ni ma ita nake yi, har kiɗan ya tsaya ban san ya tsaya ba.

A hanyar komawa muka bi ta unguwar Kampung Baru don mu yi tapau ɗin nasi lemak, wato a ƙunshe mana shinkafar kwakwa mu tafi da ita gida. Layin ya yi tsawo saboda tazara, kowa a kan ɗigon fentinsa. Ita a gaba, ni a baya, amma ta juyo ta ba layin baya, tana ta zuba: wai wata a ajin ta fi kowa iya tsayuwa a kan hannu amma ba ta jin kiɗa, wai ƙawarta ta makaranta ta daina amsa saƙo kuma abin ya dame ta tun farkon kulle, wai Malama ta ce za ta koya mata kaɗa bakan. Turanci, Malay, har da Hausar da na yi zaton ta zube a hanya. Sunanta dai har yau ban kira ba, kuma in muka je Kano na san inda idona zai koma a gaban mutane. Ta san da haka, ta ce zama lafiya ne muddin ba a cikin da'ira ba.

Can ta tambaye ni yadda aka yi nake sanin shura na tafe. Ta ce maguɗi nake yi. Na ce sirrin sana'a ne, ba a faɗa wa abokin karawa. Ta ce ba komai, ai ni ma ina da abin da ke tona ni: kafin in kai ƙafa, idona na dama yakan ƙanƙance. Na ce yaushe ta gano wannan, mu da ba mu daɗe da farawa ba?

"Tun ina firamare," in ji ta. "In za ki yi faɗa ma haka kike yi."

Mai abincin ta kira na gaba. Yarinyar ta juya ta yi ciniki da Malay ɗinta mai santsi, ƙunshi huɗu, ta ce a ƙara wa na Umma yaji.